Ga Ma'ana, Kawo Kalma: Wasan da Ya Kunyata Ni a Bakin Kanal



Kwanakin baya na je gida Kura, ana tsakiyar noman rani. Ɗan yayata da ke shirin rubuta jarrabawar WAEC ya zo min da wani wasa da suke yi a makaranta. Mutum ɗaya zai buɗe ƙamus na Turanci, ya karanta ma'anar wata kalma ba tare da ya faɗi kalmar ba, sauran su canka. Wanda ya fi canka daidai shi ya ci.

Da yamma muna zaune a bakin kanal, sun gama ban-ruwa, ya miƙo min ƙamus ɗin ya ce, "Kawu, gwada ni ka gani."

Na gwada shi. Ya cinye biyar a jere, har da manyan kalmomin kimiyya da na siyasa irin waɗanda ake haddacewa don jarrabawa. Sai na buɗe wani shafi na karanto masa wata ma'ana. Abin da take nufi da Hausa shi ne: lanƙwasasshen bututu da ake janyo ruwa da shi daga wuri mai tudu, ruwan ya hau ya tsallake gefen mazubinsa, sannan ya gangara wurin da ya fi ƙasa. Yaro ya yi shiru. Ya dubi sama, ya sosa ƙeya, ya kawo kalmomi uku duk ba su ba ne. Da na ce masa kalmar ita ce siphon, sai ya ce, "Kai! Wallahi Kawu na san ta, mun yi ta a aji."

Abin da ya ba ni dariya, bututun da ake magana a kai yana yashe a gaban ƙafarsa. Da hannunsa ya nutsa shi cikin kanal a ranar, ya toshe bakinsa da tafin hannu, ya jefa shi ƙetaren gaɓa ruwa ya biyo. Ya san kalmar a aji, ya san abin a gona, amma bai taɓa haɗa su wuri ɗaya a kansa ba.

Ban gama dariya ba Baffana, wanda ke wanke ƙafa a gefe, ya tambayi abin da ake ciki. Da muka yi masa bayani sai ya ce, "To kai malamin rubutu, bari ni ma in karanto maka nawa ƙamus ɗin. Ɗan filin da ake kewayewa da ƙasa a lambu, a sako masa ruwa, in ya sha a toshe a buɗe wa na gaba, yaya sunansa?"

Ina ganin abin a idona, ga su nan jere a gabana, amma sunan ya ƙi zuwa. Ya ce, "Komi. Wasu su ce fangali." Ya sake jefo wata: "Dogon itacen da ake ɗorawa a kan gwafa a bakin rijiya ko rafi, a rataya guga a kai ɗaya, a ɗaure nauyi a ɗaya kan?" Nan ma na yi zuru. Ya ce, "Jigo, ɗan nan. Da shi kakanka ya shayar da albasarsa kafin a kawo kanal." Ni da nake rubuta kalmar jigo kusan kullum in ina sharhin littafi, ranar nan sai da na ba da gari.

Tun daga ranar nake da wannan ra'ayi, kuma shi na kawo muku yau: wasan cankar kalma daga ma'anarta ya fi amfani ga marubuci fiye da ɗan jarrabawa, kuma ya kamata mu riƙa yin sa da Hausa kamar yadda yaranmu ke yin sa da Turanci. Marubucin da aka ba shi ma'ana ya kasa kawo kalma, aron kalmar nan yake yi, bai mallake ta ba tukuna.

Bari in faɗi dalili. Sanin kalma iri biyu ne. Akwai wanda in ka ji ta ko ka gan ta a rubuce za ka gane. Akwai kuma wanda in kana bukatarta za ta zo maka da kanta. Na farko ya ishi mai karatu. Marubuci kuwa na biyun yake bukata, domin aikinsa daga ma'ana yake farawa. Hoto ne ke zuwa maka a zuci: ga mace tsaye a bakin masussuka, ta ɗaga ƙwarya sama tana zubo hatsi a hankali, iska na kwashe ƙaiƙayi. Hoton nan shi ne ma'anar. Saura kalma. In shiƙa ta zo maka, ka gama da kalma ɗaya. In ba ta zo ba, sai ka rubuta "tana gyara hatsi", mai karatu ya wuce bai ga komai ba. Wato duk lokacin da muka zauna rubutu wannan wasan muke yi, sai dai ba alƙali, ba mai ce mana mun faɗi.

Turawa sun daɗe da gane wannan matsala. Shi ya sa a 1852 wani likita a Ingila, Peter Mark Roget, ya fitar da littafin da ya jera kalmomi bisa ma'anoninsu maimakon bisa haruffa, don wanda ke da tunani a kai yana neman kalmar da zai zuba shi. Har yau marubutansu na amfani da shi. Mu kuma muna da namu tun kafin boko. Mene ne kacici-kacici in ba wannan ba? A siffanta maka abu a ɓoye sunansa, ka nemo, in ka kasa ka ba da gari. Kakanninmu a dandali suke horar da yara wannan dabara da daddare. Bambancin kawai, kacici-kacici yana lulluɓe ma'ana don ya ruɗe ka, ƙamus kuwa yana buɗe ta don ya shiryar da kai.

Wani zai ce, ina muka ga ƙamus ɗin da za mu yi wasan da shi? Muna da su, kuma ba yau aka fara ba. Ita kanta kalmar ƙamus daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa teku take nufi. Sunan littafin Fairuzabadi, Alƙamusul Muhiɗ, shi ya bi bakin mutane har ya zama sunan kowane littafin kalmomi. J. F. Schön ya buga ƙamus na Hausa a 1876. C. H. Robinson ya biyo da nasa a 1899. A 1934 G. P. Bargery ya fitar da wanda har gobe ake ji da shi, mai ɗauke da kalmomi kimanin 39,000, bayan ya shafe fiye da shekara goma yana bin garuruwan Hausa yana tattarawa daga bakin mutane. R. C. Abraham ya fitar da nasa a 1949. A 1977 Paul Newman da Roxana Ma Newman suka shirya Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci tare da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Bayero a Kano. Duk waɗannan da Turanci suke bayyana ma'anar kalmar Hausa. Amma a 2006 ita wannan cibiya ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda kalma da ma'anarta duk da Hausa suke. Wannan shi ne ya fi dacewa da wasanmu. Sauran kuma suna da nasu amfanin: karanta ma'anar da Turanci, ka nemo kalmar da Hausa, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

To me wasan ke koya wa marubuci?

Na farko, yana tilasta maka rarrabe kalmomin da ka ɗauka ɗaya ne. Ɗauki shinkafa, tunda a Kura muke. Wadda aka caso daga gona da ɓawonta, shanshera ce. In an jiƙa ta an turara kafin a shanya a kai inji, an yi gumi ke nan. Ɓawon da inji ya fitar, ɓuntu ne. Ƙaiƙayi daban, dusa daban, tsaba daban. Wanda bai taɓa tsayawa ya bayyana kowacce ba zai riƙa cusa ɗaya a gurbin ɗaya, kuma duk macen da ta taɓa tsayawa kan tukunyar gumi za ta gane marubucin nan bai san abin da yake faɗa ba. Da zarar mai karatu ya kama ka da ƙarya a kan ɓuntu, ba zai yarda da kai a kan soyayya ba.

Na biyu, yana nuna maka cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar kaya fiye da ɗaya. Kunya da muke ji a gaban surukai da kunyar da manomi ke tayarwa da garma, a rubuce iri ɗaya suke, a baki ne karin sauti ke raba su. Gumin da ke tsattsafo wa mai huɗa da gumin shinkafa haka. Jigo kuwa ya fi ba ni sha'awa. Itacen ban-ruwa jigo ne, babban mutum da tafiya ta dogara a kansa jigo ne, saƙon da labari ya ginu a kai shi ma jigo ne. Tun ranar da Baffa ya tuna min da na farkon nake kallon na ukun da wani ido: abin da ke ɗauke da nauyin labari, ya sunkuya ya ɗebo, ya ɗago ya zuba inda ake bukata. Darasin adabin da ban samu a aji ba na same shi a bakin kanal.

Na uku, yana maganin cutar da ta fi damun rubutunmu, wato "abu" da "yi". Kwanan nan wata ƙanwarmu ta turo min babin farko na labarinta in duba. Tauraron ɗan manomi ne a wani ƙauyen Bunkure. Ga yadda ta kai shi gona: ya je gona, ya yi aiki sosai, ya gaji, ya ɗauki abubuwansa ya dawo gida. Amma da aka zo falon gidan attajirin da zai auri budurwarsa, sai da aka ba mu shafi guda: launin kujeru, sunan turare, irin labule, har tambarin mota. Na ce mata, "Ƙanwata, gidan da ba ki taɓa shiga ba kin san sunan komai a cikinsa, gonar da kika tashi kina kai abinci cikinta kuma kin bar ta ba suna ko ɗaya." Da ta sake rubutawa, sai ga yaron ya fita tun asuba don kada a riga shi ruwa, ya buɗe wa komin farko, yana tsaye cikin laka har idon sawu sanyin hunturu na cin yatsunsa, ya tarar tsutsa ta huda tumatirin da yake lissafin kuɗin lefe da shi. Yanzu in budurwar ta tafi, mun san abin da ya rasa, mun san kuma abin da ya jawo. Labarin bai canja ba, kalmomin ne suka samu.

Wannan ya fi muhimmanci ga masu shiga gasa. Gasanni irin su Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, suna ƙayyade yawan kalmomin da za ka rubuta. Wanda ya san kalma ɗaya da za ta ɗauki aikin kalma goma ya riga abokan takararsa nisa tun kafin alƙalai su zauna.

Sai dai kada a fahimce ni a karkace. Ƙamus ba shi ne ƙarshen zance ba, kuma yankinmu shaida ne. An gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga ita aka jawo ruwan da ke shayar da gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a shirin da aka tsara kashinsa na farko ya kai kimanin hekta 22,000, wanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da shi. Bargery ya rufe littafinsa shekara arba'in kafin ruwan nan ya iso. Bai ga kanal ɗin siminti ba, bai ga injin ban-ruwa ya kori jigo ba, bai ga motoci na lodin kwandunan tumatir a Kwanar Gafan zuwa Kudu ba. Duk abin da ya zo, bakin manoma ya raɗa masa suna, wani aro, wani ƙirƙira. A 2016 da tsutsar nan ta cinye tumatir a Kadawa da kewaye, masana na kiran ta Tuta absoluta, manoma kuwa suka sa mata Sharon. Babu kwamitin da ya zauna, babu ƙamus da aka duba. Irin waɗannan kalmomi in marubuci bai kama su ya sa a labari ba, mai haɗa ƙamus na gobe ba zai sami inda zai tsince su ba. Haka su ma tsofaffin. Yaron da aka haifa bayan zuwan inji bai taɓa ganin jigo yana aiki ba. In mu ma muka yar da kalmar, ta tafi ke nan.

Na san akwai masu ja, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne.

Wasu za su ce masu karatunmu 'yan birni ne, a waya suke karatu, in ka cika musu labari da komi da shanshera za su gudu. Akwai gaskiya a ciki. Marubucin da ke jibga tsofaffin kalmomi don a ce ya iya Hausa, nuna kai yake yi, kuma mai karatu na ganewa. Amma maganin wannan shi ne iya ajiye kalma inda jimlar da ke kewaye da ita za ta fassara ta. In ka rubuta cewa ya buɗe wa komin farko ruwa, ya jira ya cika, ya toshe ya matsa na gaba, wa zai tsaya neman ƙamus? Kuma wa ya fi iya wannan in ba wanda ya saba bayyana ma'anar kalma a taƙaice ba? Su waɗannan masu karatun ai sun koyi sunayen abincin Indiya da na Turkiyya daga finafinai ba wanda ya yi musu darasi. Ba za su kasa ɗaukar kalmar kakarsu ba.

Wasu kuma za su ce ai haka mutane ke magana yanzu, Hausa da Turanci a cakuɗe, marubuci kuwa madubin al'umma ne. Na yarda, a bakin taurari. In ɗalibar jami'a ce ke magana a labarinka, bar ta ta yi Ingausarta, haka take yi. Amma muryar mai ba da labari taka ce. In ka jefa kalmar Turanci a nan, tambayi kanka tsakani da Allah: zaɓa na yi, ko kuwa ta Hausar ce ta ƙi zuwa? In zaɓi ne, ba laifi. In rashi ne, to rashi ne, kada mu sa masa rigar salo. Ni ban ƙi Turanci ba. Ina so ɗan yayata ya ci jarrabawarsa, ina kuma so ya ci gaba da wasansa. Abin da na roƙe shi kawai, duk kalmar da ya canka ya tambayi kansa ko ya taɓa ganin abin da ido, kuma yaya ake ce masa a gida.

Na uku su ne masu cewa ƙamus tsada gare shi, ba a ma samun sa a kasuwa. Wannan kuka ne na gaskiya. Amma na Bargery an daɗe da ɗora shi a intanet, ɗakunan karatu na manyan makarantu kuma suna da sauran. In duk babu, akwai irin ƙamus ɗin Baffana: tsohuwar da ke gidanku, maƙerin unguwarku, mai gumin shinkafa, direban da ke lodi a kasuwa. Matambayi ba ya ɓata. Sai dai wannan ƙamus ɗin ba a sake buga shi. Ranar da aka ɗauke shi zuwa makwanci, da shafukansa ake tafiya.

Ga yadda nake ba da shawara mu riƙa yi, ko mutum shi kaɗai ko da abokai. Kowace rana ɗauki kalma uku daga sana'a ɗaya. Rubuta ma'anar kowacce da kanka, cikin jimla ɗaya, ba tare da ka sa kalmar ko 'yar uwarta a ciki ba. Karanta wa wani. In ya canka nan take, ma'anarka ta yi. In ya kawo wata kalma daban wadda ita ma ta dace da bayaninka, to bayanin ya yi faɗi, koma ka matse shi. Daga nan sai ka duba ƙamus ka ga inda kuka haɗu da inda kuka rabu. A ƙarshe sa kalmar a jimlar labari, domin kalmar da ba ta shiga jimla ba kamar irin da aka bari a buhu ne. Kuma in wani ya kawo sunan da ba naka ba, kada ka ce ya yi kuskure. Tambaye shi garinsu. Abin da Bakano ya kira da suna ɗaya, Basakkwace ko Bakatsine ko mutumin Maraɗi na iya kiran sa da wani, kai kuma ka ƙaru da biyu.

Tunda gani ya kori ji, ga biyar na kawo muku, duk daga gona:

1. Lanƙwasasshen ƙarfe mai kaifi ta ciki, da 'yar ƙota, ana yankan ciyawa ko shinkafa da shi.
2. Ƙaramar gonar da maigida ke yankar wa ɗansa ko matarsa, amfaninta nasu ne, ba na gandu ba.
3. Tumatirin da aka yayyanka aka shanya ya bushe don ajiya.
4. Aikin gona da jama'a ke taruwa su yi wa mutum ɗaya a rana guda, ba a biyan su sai abinci.
5. Cire matashin tsiro daga inda aka rene shi a mayar da shi inda zai girma.

Kada a duba ƙamus sai an gwada. Wanda ya canka ya faɗi garin da ake faɗin haka, wanda ya kasa kuma ya ba da gari, ba abin kunya ba ne, ni ma na bayar a gaban ɗan yayata. Amsoshi sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Allah ya ƙara mana basira, ya yi wa alƙalumanmu albarka.